Tsakanina da Malabo Akwai Afnan

Na san a cikinku akwai wadda za ta karanta wannan ta taɓe baki ta ce, "Sundus, ke ma kishinki ya yi yawa." Ban musa ba. Amma don girman Allah, kafin ki yanke min hukunci, ki ɗauki kanki ki ajiye a inda nake. Mutumin da aka karanta muku Fatiha, zobensa na yatsanki, yana hira da 'yar ƙanwar mahaifiyarki a kan idonki, cikin harshen da ko "sannu" ba ki sani ba a cikinsa. In loma ta wuce miki maƙogwaro lafiya a wannan hali, to ke baiwar Allah ce ta musamman, ki riƙa sa ni a addu'a.

A Madina aka haife ni, a nan aka haifi Ummina. Kakata Sitti Hajo ce ta zo tana ƙaramar yarinya, a ƙasa, tana bin iyayenta ta Cadi da Sudan. Gidanmu na bayan unguwar Anbariyya, hawa na biyu. In kika leƙa ta tagar kicin kika ɗan karkata wuya, za ki hango kan hasumiyar Harami tsakanin otal-otal. Ƙananan yara nake koyarwa a wata rauda, makarantar 'yan dagwai. Shi kuwa Mu'azzam a Yanbu yake aiki, ɓangaren gas, sai ran Alhamis yake shigowa gari. Dangin mahaifina Abuya ne ta can nesa. An yi shofa, wato zuwa ganin amarya, an karanta Fatiha, saura milka, wato ɗaurin aure, wanda aka sa bayan babbar Salla.

Wata Alhamis bayan La'asar ya zo, farar jallabiyarsa ta sha guga, shimagi, ƙyallen kan nan na Larabawa, a kafaɗa. Ni kuma na sa doguwar rigata ruwan zaitun mai aiki a bakin hannu, na turara majalisi har hayaƙin bakhur na bin labule. Ƙofa a buɗe kamar kullum, Ummi na kai-kawo da sunan shayi, alhali kunnenta ta baro mana.

"Sundus, akwai magana," ya ce yana juya kofi a hannunsa. "An ba ni aiki a waje. Shekara biyu."

"Masha Allah! Ina? Dubai? Kuwait?"

"Malabo."

Wallahi na ɗauka sunan turare ne.

"Wace ƙasa ce haka?" Ummi ce ta tambaya daga bakin ƙofa, buta a hannu, ta manta wai ba ta jin mu.

"Gini ce, Khala."

"Ta Konakiri? Inda maƙwabtanmu Fulanin nan suka fito?"

"A'a Khala, Gini uku ce. Wannan ƙaramar ce, Gini Ikwatoriya, kusa da Kamaru, a bakin teku. Sifaniyanci suke yi." Ya sunkuyar da kai. "Ina so in an yi milka mu tafi tare."

A gabansa Ummi ba ta ce komai ba sai, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri." Amma ko takalminsa bai gama sauka matakala ba ta dire butar nan a kan faranti, kofuna suka yi ƙara.

"Uwata ta taka ƙasa da tafin ƙafarta har ya tsage don ta zo garin Manzo, in ajalinta ya zo a kai ta Baƙi'a. Shi ne yau wani zai zo ya ɗauke min 'ya ya mayar da ita inda aka baro? Khalas! Babu milka sai ya zaɓa: ko Malabonsa, ko ke."

"Ummi, shekara biyu ce fa..."

"Na san hukuma ta ba ki damar yin fasfo ba da iznin kowa ba. Je ki yi. Sai dai albarkata ba a ofis ake buga ta ba."

Abuya da ya dawo daga masallaci ya ji zancen, cewa ya yi shi ba ya shiga tsakanin uwa da 'yarta, ya ɗauki carbinsa ya shige ɗaki. Babbar Salla ta zo ta wuce, babu wanda ya ƙara ambaton milka.

To, a nan Afnan ta shigo. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, ni da kaina na buɗe mata ƙofa.

Afnan 'yar Khala Tasallah ce, ƙanwar Ummi. Sa'ata ce, a kwano ɗaya muka tashi, anko ɗaya ake mana kowace Salla. Sai dai ita doguwa ce, ja, mai dogon hanci; ni kuwa baƙa ce, kuma tsayina dai alhamdu lillahi. Tana tuƙa motarta, ni har yau malamar tuƙi na ganina take fara salati. Ta karanci Sifaniyanci, tana aiki a wani otal kusa da Harami, ita ke karɓar masu ziyara da ke zuwa daga ƙasashen da ake yin harshen.

Da Mu'azzam ya ce min yana fama da harshen nan, ya saukar da manhaja a waya amma kansa ba ya ɗauka, sai bakina ya riga hankalina: "Ai ga Afnan." Na faɗa, na so in kamo maganar in haɗiye, ta riga ta fita. Dabarar da ta zo min ita ce in buɗe mana zaure mu uku a waya, komai ya gudana a gabana. Na ce a raina: ke Sundus, akwai wayo.

Wayon da ya ci ni ke nan.

Da safe ina tsakiyar koya wa yara alif da ba, waya za ta yi motsi a aljihu. Shi ne: "Buenos días, profesora." Ita kuma ta amsa da saƙon murya, muryar nan tata mai santsi, harshe na karkaɗawa kamar ana kaɗa cokali a kofin gilashi. Ni kuwa in laɓe a bayan allo ina kwafe kowane layi ina kai wa manhajar fassara. Ina kasuwa take? Nawa ne kifi? Wace hanya ce ta filin jirgi? Babu komai a ciki, na sani. Amma rannan ya rubuta, "Me gusta la lluvia," ta amsa, "A mí también." Na fassara. Wai yana son ruwan sama. Wai ita ma.

Ruwan sama! Duk tsawon zamanmu bai taɓa gaya min yana son ruwan sama ba. Ni shawarma na san yana so, da ƙwallo.

Wanda ya kusa kashe ni kuwa, ranar Talata ne. Ta turo hotonta a wurin aiki, hannunta kawai ya fito riƙe da kofin gahwa, fatar nan jawur, da wani rubutu a ƙasa. Sai ga amsarsa: "jajajaja."

Na karanta, na sake karantawa. Ja, ja, ja, ja. Har sau huɗu. A gabana, a zauren da ni na buɗe, yake yaba jar fatarta! Na shige banɗakin malamai na kira shi.

"Mu'azzam, na gani. Ja ce, na sani. Tun muna yara kowa ke faɗa. Ba sai ka jera min ba."

"Wace ja? Sundus, esh fiki? Me ya same ki?"

"Abin da ka rubuta mata! In ja kake so, me ya kawo ka gidanmu? Ranar shofa ido a rufe ka zo?"

Sai ya fashe da dariya, irin wadda har sai da na ji wani abokin aikinsa yana tambayarsa lafiya.

"Ya bint, dariya ce! Haka suke rubuta dariya. Harafin nan 'ha' suke karanta shi. Hahaha ke nan."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Amma kun san hali, ban ba da kai ba. Na ce, "To me ya ba ka dariyar? Ni me ya sa ba ka yi min irinta?" Na kashe wayar. Ya turo min fure da zuciya, ya rubuta, "Baƙar nan ita na gani na ce ina so." Na ji sanyi, ban amsa ba. Da yamma kuma na ga ya koma zaure yana tambayar profesora yadda ake cewa "ina jin yunwa."

Daga ranar na ɗaura ɗamara. Na ce harshe dai ta riga ni, amma ƙasar nan sai na san ta fiye da masu ita. Duk lokacin da yara suka fita cin abinci, ina kan waya. Nan na gano ƙasar kashi biyu ce: wani yanki a tudu, maƙale tsakanin Kamaru da Gabon, da babban garinsa Bata, wani kuma tsibiri ne cikin teku, Bioko, a nan Malabo take, ƙarƙashin wani ƙaton dutse da gajimare ke rufe masa kai. Mutanen ƙasar kaf da kaɗan suka fi mutanen Madina. A duk Afirka su ne ke gudanar da gwamnati da Sifaniyanci, don Sifaniyawa ne suka mulke su. Sefa suke kashewa irin ta Kamaru. Man fetur da gas ne arzikinsu. Yawancinsu Kirista ne, Musulmi kaɗan ne, amma akwai masallaci, kuma wai har da Hausawa. Daga nan babu jirgin da zai kai ka kai tsaye, sai ka sauka a wani gari kamar Addis Ababa ka canja. Mun riga su da awa biyu, wato in muna Magariba su rana ba ta faɗi ba.

Hotunan kuwa, subhanallah. Kore ko'ina, kamar an zuba wa ƙasa fenti. Mu da in aka yi yayyafi ake tashin makaranta mu fito titi muna ɗaukar bidiyo, can wai sai a yi wata da watanni sama na zuba. Akwai gaɓar da manyan kunkuran teku ke fitowa su yi ƙwai a yashi. Ayaba ake soyawa a ci da kifi da barkono. Tun ina karantawa don in kunyata Afnan, har na kama kaina ina tunanin wace irin abaya ce za ta jure damina, da ko lallena zai kama a wannan laima. Na ma haddace jimlar ruwan saman nan, na ajiye ta a baki kamar harsashi.

Ranar da zan harba ta ta zo: Juma'ar da Khali Bakri, yayan su Ummi, ya gayyaci dangi gonarsa ta dabino a Badar, don rutab, ɗanyen dabino, ya nuna. Badar na kan hanyar Yanbu, saboda haka Mu'azzam ma zai zo. Na sa abayata ruwan toka mai buɗaɗɗen gaba, ciki riga ruwan hoda, na zizara kwalli. Muna sauka na hango motar Afnan ta riga mu. Ta fito cikin abaya ruwan ƙasa mara ado ko ɗaya, tabarau a saman tarha, wato mayafinta, ta rungume ni tana, "Wahashtini! Na yi kewarki!" Turarenta sabo ne. Na lura. Komai nata yanzu lura nake.

Maza suna can gindin rijiya suna gasa tsire, wanda Larabawan nan suka ara suka mayar siriyya. Mu mata aka shimfiɗa mana darduma a inuwar dabino, ga salig, shinkafar da ake dafawa da madara, da kaza, ga tuwon shinkafa miyar kuka da aka yi musamman don Sitti Hajo, wadda ta ce ita shinkafa da madara abincin marasa lafiya ne. Bayan La'asar aka kawo shayi mai ganyen habak, aka zube rutab a tire. Nan Khala Tasallah ta gyara zama.

"Yaya Safiyatu, wai har yanzu maganar yaran nan na nan a rataye?"

"Tana nan inda na ajiye ta," in ji Ummi.

"To ai shi ke nan. Kowa da irin 'yarsa. Tawa dai ko gobe aka ce Sin, jaka za ta ɗauka, ni ba na tsare ta." Ta cire ƙwallon dabino daga baki a hankali. "Ni abin da nake gani, yaro irin Mu'azzam ba a barinsa ya fita daga dangi. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa."

"Ummi!" Afnan ta ce, ta sunkuyar da kai. Amma ban ji ta ce a'a ba. Ku shaida, ba ta ce a'a ba.

Kunnuwana suka ɗau zafi. Na ajiye kofi na ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ai ni ma na shirya, Khala. Har harshen na fara." Na dubi Afnan ido cikin ido. "Me gusta la luluviya."

Ta ƙifta ido. Ta danne leɓe. Sannan cikin muryar nan ta malamai ta ce, "Habibti, yubiya ake cewa. Lam biyun nan 'ya' ake karanta su."

Mata suka kwashe da dariya, har da waɗanda ba su san me ake wa dariyar ba. Wata ta ce, "Lu'ulu'u take so, a gaya wa ango!" Hawaye ya ciko min ido. Mai hankali shiru za ta yi. Ni kuwa sai na buɗe baki kamar rediyo.

"Tayyib, yubiya. To ke da kika iya, kin san ƙasar kashi biyu ce? Kin san Bata ba a tsibiri take ba? Kin san kuɗin da suke kashewa? Kin san kafin fetur koko suke nomawa, har daga Najeriya ake kwasar mutane a jirgin ruwa su je aikin gona? Kin san tsibirin ma da ba Bioko ake ce masa ba, Fernando Po ne sunansa?"

"Me kika ce?"

Ba Afnan ce ta yi magana ba. Sitti Hajo ce, wadda tun ɗazu take jingine da matashi kamar mai gyangyaɗi. Ta miƙe zaune, carbinta ya zame ƙasa.

"Ke, maimaita sunan nan."

"Fernando Po, Sitti."

"Fanando Fo," ta faɗa a hankali. "Panya ke nan. Panya za a kai yaron nan, shi ne kuke ta ce min Gini, Gini? Ku kira min shi."

Aka aika. Muka ja mayafai. Mu'azzam ya zo ya durƙusa daga bakin darduma, yana ƙamshin hayaƙin tsire, idonsa a ƙasa saboda Ummi.

"Ango, garin da za ka, ruwa ne ya kewaye shi?"

"Ruwa ne, Sitti."

"Akwai dutse a bayansa?"

"Akwai."

Ta gyaɗa kai, ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Sannan ta ba mu labarin da ko Ummi ba ta taɓa ji ba. Ashe tana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, Haladu. Lokacin da mahaifinsu ya ɗaura niyyar gabas, Haladu ya riga ya zama saurayi, ya ce shi fatauci zai yi tukuna, in ya samu ya biyo su. Ya bi 'yan shanu zuwa kudu, har Kalaba, daga nan ya hau ruwa. Shi yake goya ta in ta gaji, in ji ta. Ranar rabuwa ya saya mata awarwaro. Sun daɗe a Madina, har ta yi aure, sannan wani alhaji ya zo da labari a baki: ya ga Haladu a Panya yana sayar da nama, ya yi iyali, yana gaida su, ya ce yana nan tafe.

"Har yau yana tafe," in ji Sitti. "Duk shekara in alhazai suka cika gari sai na duba fuskokin tsofaffi. Yanzu kam na san ƙasa ta rufe shi. Amma mutum ba ya tafiya bai bar baya ba."

Babu mai motsi. Khala Tasallah ma ta bar dabinon.

Sitti ta juya wajen Ummi. "Safiyatu, kin ce na taka ƙasa don in zo nan. Gaskiya ne. Amma da uwar uwata ta riƙe ta, da ba a haife ki a Madina ba. Mu da muka zo da ƙafa ba mu da bakin hana wani tafiya. Ki sake ta. Madina ba ta gudu." Ta nuna ni da carbi. "Ke kuma, mai bakin rediyo, in kin je ki shiga masallacinsu ki tambayi Hausawan wurin: ina zuriyar Haladu mahauci, ɗan Malam Jumare? Ki ce ƙanwarsa Hajo na da rai."

Ummi ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Da ta buɗe, idonta jawur, ba ta dubi kowa ba ta ce, "Shekara biyu. Kuma kowane azumi a gabana za ta yi shi."

"Na ɗauka, Khala," Mu'azzam ya ce. Da zai tashi ya saci kallona, ya ɗaga gira. Na kau da kai, amma bakina ya ƙi rufuwa.

Aka yi guɗa a gonar nan har maza suka leƙo. Afnan ta rungume ni ta ce, "Alf mabruk, ya galbi." Hannunta sanyi ƙalau a wannan zafin na Badar. Jim kaɗan na hango ta can cikin dabino ita kaɗai, waya a kunne, tana kai da komowa. Na ce a raina: yi ta kira, profesora, makaranta ta tashi.

Satin da ya biyo baya ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Aka sa ranar milka. Na yi fasfo. Ummi, wadda ta rantse ba ruwanta, ita ce ta fara saya min gidan sauro da laima, tana mita tana cusawa a akwati tare da kuka da daddawa, wai ba ta yarda da miyar mutanen da ke cin ayaba da kifi ba. Zauren mu uku ya yi tsit. Na ɗauka nasara ce.

Ran Lahadi Mu'azzam ya turo saƙo: "Habibti, akwai allurar shawara. Ba a shiga ƙasar sai da katinta, wani ruwan ɗorawa. Ana so a yi ta da wuri kafin tafiya. Ga wurin da ake yi wa matafiya, ki je gobe da safe. Ki tambaye su maganin zazzaɓin sauro ma."

Na amsa masa da "jajaja", don ya san na waye.

Washegari na nemi izni a wurin aiki, na hau tasi. Asibitin ba cika, ɓangaren mata kujeru ne jere da sanyin na'ura mai shiga ƙashi. Na ba da katina, aka ce in zauna a kira ni. Ina zaune ina duba hotunan rigunan milka, ƙofar ɗakin allura ta buɗe. Abaya ruwan ƙasa. Tabarau a saman tarha. Hannu ɗaya ta danne auduga a damtse, ɗayan kuma riƙe da kati ruwan ɗorawa.

Muka tsaya muna kallon juna.

"Afnan? Me kika zo yi nan?"

"Sundus..." Ta yi saurin tura katin cikin jaka, amma ai na riga na gani.

"Wannan allurar ba ta mura ba ce. Ina za ki?"

Ta zauna a kujerar kusa da ni. Ta fara da Larabci, da sauri, kamar yadda take yi in ta rikice. Na ce, "Yi min Hausa."

"Kamfanin su Mu'azzam na neman mai fassara, Larabci da Sifaniyanci. Na yi mukabala, sun yi min tambayoyi ta waya. Sun ɗauke ni." Ta cire audugar daga damtsenta. "Wallahil azim aiki ne kawai. Na gaji da otal, Sundus, na gaji da miƙa wa mutane makulli. Kin san tun yaushe nake son fita."

"Wa ya gaya miki suna nema?"

Ta hau gyara bakin jakarta.

"Afnan, wa ya gaya miki?"

"Shi ya kai musu takarduna. Tun kafin Badar. A lokacin kowa ya ɗauka Khala ba za ta yarda ba, ni kuma..." Ta kau da kai. "Na so in gaya miki. Ya ce in bari, shi zai faɗa miki da bakinsa bayan milka, don ya san halinki."

Ya san halina. Su biyu sun zauna, a wani wuri da ba zauren da na buɗe ba, sun tattauna halina.

"To ai shi ke nan," na ce, ina jin muryata kamar ta wata. "Sai mu cika jirgi mu uku."

Ta ɗago ta dube ni, kuma wallahi tausayi na gani a idonta, abin da ya fi zagi ciwo.

"Bai gaya miki wannan ba ma? Mu ma'aikata za mu fara yin gaba, farkon wata. Bizar iyali sai ya isa ya kama gida sannan ya nema miki. Sun ce takan ɗau watanni."

Watanni. Shi da ita, jirgi ɗaya, su sauka Addis tare, su isa tsibirin da ruwa ya kewaye, inda ita ce bakinsa ita ce kunnensa, ko kifi zai saya sai ya waiwaya ya neme ta. Ga damina. Ni kuma ina Anbariyya da igiyar aure a wuya da akwatin kuka da daddawa, ina lissafin awa biyu.

"Sundus Sabo!" ma'aikaciyar ta kira daga ƙofa.

A daidai lokacin wayata ta hau ruri a cinyata. Sunansa ne, da zuciyar da na maƙala masa.

Afnan ta riƙo hannuna. "Don Allah kar ki ce ni na faɗa."

Na zare hannuna. Na shiga ɗakin, wayar na ta kuka, na naɗe hannun abaya har kafaɗa. Matar ta ce in kau da kai in ina tsoro. Na ce mata ta soka kawai, yau babu allurar da za ta ji min ciwo. Ta buga hatimi a katina ta miƙo min. Na fito, na tsaya a kan Afnan, sannan na ɗaga kiran na sa a lasifika.

"Habibti, an yi allurar?" Muryarsa fes, har da dariya a ciki.

"An yi," na ce. "Ga malamarka nan kusa da ni, ita ma an yi mata. Yanzu sai ka yi min bayani, Mu'azzam. Kuma da Hausa."

Ta cikin wayar ina jin ƙugin injinan Yanbu. Shi kuwa, mai harshe uku, ko ɗaya bai zo masa ba.